Hular da Ta Rufe Sunan Danladi

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin edita, akwai wata ranar Alhamis da har yau ba ta bar raina ba. Ranar na tsaya a wani gareji a Nyanya riƙe da mujallar da ni na haɗa ta, mutum fiye da goma sun kewaye ni. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku ji yadda aka yi.

Bayan na ajiye aikin jarida na dawo Abuja, wani ɗan kasuwa mutumin Katsina, Alhaji Sabo, mai shagunan kayan mota, ya nemi in riƙe masa ƙaramar mujallar da ya kafa don masu sha'awar tseren mota. Ba irin tseren da ake gani a talabijin ba ne. Ƙungiya ce ta makanikai da direbobi da wasu ma'aikatan gwamnati, kowa ya gyara tsohuwar motarsa da kansa, su haɗu a wani fili bayan gonakin Yangoji su gwada gudu. Ni ne edita, ni ne mai ɗaukar hoto, ni ne mai kai aiki maɗaba'a. Alhaji Sabo shi ne mawallafi, wato maganarsa ce ta ƙarshe.

Tseren shekara kashi biyu ne. Ana fara da na gwaji, inda kowace mota ke zaga filin ita kaɗai. Wata malamar makaranta daga Gwagwalada, Madam Rifkatu, ita ke riƙe agogo, ta rubuta lokacin kowa da alli a allo, mafi sauri a sama. Bayan mako uku sai babban tsere, kuma da lokacin gwajin nan ake jera motoci. Da damina ake yi, don haka layin gaba ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya tashi daga baya, kafin ya sha kwana biyu gilashinsa ya cika da lakar na gabansa.

Ƙungiyar tana da wata doka da ban taɓa gani a wani wuri ba. An ce shekarun baya wani ya gyara lamba da biro a littafin sakatare, har aka kusa ba hammata iska. Daga nan suka yanke cewa ba a karɓar rubutun hannu, ko na wane ne. Abin da aka buga a mujalla shi kaɗai ne shaida. Ni ke kwafe allon in buga shi a shafukan tsakiya. Allon kuwa na makarantar su Madam ne, a goge yake komawa aji ranar Litinin.

A wannan shekarar wani makanike daga Nyanya, Danladi, mutumin Filato, ya zo da motar da ya haɗa daga gawar motoci biyu 'yan Jamus. Shekara biyu yana aikinta a bayan garejinsa. A gwajin ya fi kowa sauri. Ya wuce har Oga Sule, wanda ya saba cin tseren, da abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Danladi ya fito daga motar ya rungumi tayar gaba, mutane na ta yi masa dariya.

A ranar kuma Alhaji ya gayyato babban baƙo, wani darakta mai ritaya, da jama'arsa cikin motoci uku. Aka tsayar da shi a gaban allo, Alhaji yana ta yi mini nuni da hannu, ni kuma ina ta ɗaukar hoto.

Ranar Litinin ina cikin tsara shafuka Alhaji ya shigo da takarda biyu cike da sunaye. Kowane suna yana jan muƙami uku ko huɗu a gabansa.

"Malam Idi, waɗannan da hotunan darakta su ne a tsakiya."

Na ce, "Alhaji, tsakiya ta sakamakon gwaji ce."

"A kai shi fitowa ta gaba."

"Fitowa ta gaba sai bayan babban tsere, ranka ya daɗe. Da wannan shafin za a jera motoci."

Na yi masa bayani iya iyawata. Na gaya masa na ga takardar wata ƙungiya irin wannan a Nairobi, shafi huɗu ce kacal, babu fuskar kowa a ciki, amma direbobi suna ninke ta su sa a aljihu har ta yage. Na ga irinta da Faransanci a Abidjan da Yamai. Harshe ne kawai ya bambanta. Mai son mota daga tsakiya yake buɗe mujalla. Yana so ya ga minti nawa wane ya yi, wace taya ya ɗaura a laka, wa ya haɗa masa injin, me ya lalace a zagaye na uku kuma yaya aka gyara. In ya samu wannan, ko a takardar ƙunshe ƙosai aka buga zai karanta.

Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya gyara zama.

"Malam Idi, nan ba Nairobi ba ce, Abuja ce. Mutum kamar darakta ya bar gidansa ya shiga laka har Yangoji, sannan ya buɗe mujalla ya tarar da lambobi? Da wane ido zan kalle shi?"

A nan nawa laifin ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na gaji da gardama, na ce a raina zan matse jadawalin a ƙasan shafi na ƙarshe da ƙananan haruffa. Na matse shi kuwa. Washegari mai taimaka wa darakta ya bugo waya, wai an manta mutum biyu a jerin baƙi, kuma an rage wa wani muƙami ɗaya. Ina Gwagwalada a lokacin. Alhaji da kansa ya je maɗaba'a, aka nemi inda za a sa sunayen, aka ga wasu ƙananan lambobi a ƙasa, aka cire su. Da na je karɓar aiki ban buɗe shafi na ƙarshe ba. Shekara talatin da wani abu ina gaya wa ƙananan ma'aikata kada su sa hannu a abin da ba su duba ba, ranar ni na yi.

Ranar Alhamis na kai kwafi Nyanya, garejin Danladi, inda 'yan ƙungiyar kan taru. Da ya hango ni sai ya je ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya karɓa. Ya buɗe tsakiya. Darakta yana murmushi, darakta yana gaisawa, darakta yana riƙe da tuta. Ya juya gaba, ya dawo baya, ya sake farawa daga bango.

"Baba Edita, ina taim na?"

Na ce lokacin nasa yana shafi na ƙarshe. Na karɓa na buɗe da kaina, sai ga sunayen mutum biyu da ban taɓa gani ba.

Oga Sule yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota, ya miƙa hannu aka ba shi. Ya duba a hankali, ya ce, "Wane taim? Ni dai manyan mutane na gani. Allah ya ƙara musu lafiya."

"Oga Sule, kai ka sani na wuce ka!"

"Ka wuce ni ina? Nuna mini a takarda, ɗan'uwa. Ga ta a hannunka."

Ana cikin wannan hayaniya wani direban tasi ya ce a tsaya, ai ga allo nan a bayan darakta. Aka yi caa a kan hoton. Gaskiya ne, allon Madam Rifkatu ya fito, kuma an buga shi a mujalla, wato ya cika sharaɗi. Aka ɗora waya a kai aka ƙara girman hoton. Layi na biyu ya karantu sarai, Sule da lokacinsa. Na uku, na huɗu, har na goma sha huɗu, duk ga su. Layi na ɗaya kuwa doguwar hular darakta ta zauna a kansa daram, daga farkon suna har ƙarshen lamba. Muka duba sauran hotunan da aka buga. Inda ba hula, hannun babbar riga ne.

Danladi ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Wannan oga, ko sitiyari bai taɓa ba ranar."

Aka kira taron ƙungiya ranar Asabar. Na kawo littafin da na kwafe allon a ciki, na kawo kyamara. Madam Rifkatu ta taso daga Gwagwalada ta ce ita ta riƙe agogo, kuma a shirye take ta rantse. Shugaban ƙungiyar, wani dattijo tsohon direban tirela, ya ce, "Madam, ba wanda ya ce kin yi ƙarya. Malam Idi ma mun san shi. Amma in na karɓi littafi yau, baɗi wani zai zo da nasa littafin, da wane baki zan hana shi?" Na roƙi a bari in buga takarda guda ta gyara. Aka ce dokar mujalla ta ce, ba takarda ba, kuma in an yarda a ƙara bayan fitowa, kowa ma zai je maɗaba'a ya ƙara. Aka yanke cewa waɗanda lokacinsu ya karantu za a jera su yadda yake. Wanda nasa bai fito ba, baya zai tashi.

Da muka fito Oga Sule ya same ni a gefe ya ce, "Baba, tsakani da Allah Danladi ya fi ni gudu ranar. Amma ba ni na yi doka ba, kuma ba ni na sa hula ba."

Na je na gaya wa Alhaji yadda aka ƙare. Ya ce ai darakta ya ji daɗi ƙwarai, har ya aiko direbansa ya karɓi kwafi ashirin. Na nuna masa sauran kwafin da ba wanda ya ɗauka a kusurwar ofis, a ɗaure da igiya yadda suka dawo daga Nyanya da Gwagwalada. Na fice, don da na ƙara buɗe baki da aikina ya ƙare a ranar.

An yi ruwa da safiyar babban tseren. Danladi ya tashi a na goma sha huɗu. Tun zagaye na farko ba ya ganin komai ta gilashi, sai ya leƙo da kansa ta taga yana tuƙi a haka. Ya wuce mota goma, ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a na huɗu. Oga Sule ya ci. Da Danladi ya fito, idanunsa kaɗai ake gani a fuskarsa. Ya zo inda nake tsaye da kyamara, na ɗauka zagi zan sha.

"Baba, kar ka ɗauke ni. Zo in buɗe maka bonet, ka ɗauki injin. Ka rubuta ni na haɗa."

Na ɗauka, na rubuta, kuma wannan karon na zauna a maɗaba'a har aka ɗinke kwafin ƙarshe.

Abin da na koya shi ne, a garin nan mun saba yin takarda don wanda zai fito a cikinta, mu manta da wanda zai karanta. Masu son mota ba sa neman a yabe su. Suna neman a rubuta abin da ya faru daidai, da lamba da sunan mai aikin, domin ba su da wani wurin da za a ajiye musu shi. In kun riƙe shafi irin wannan, ku san wa ke jiransa, ku buɗe kowane shafi kafin ku sa hannu, ko da mawallafi yana tsaye a kanku.

Shekarar da ta biyo baya injin Danladi ya fara gajiya, bai sake zuwa na ɗaya a gwaji ba. Sau ɗaya tak ya fi kowa sauri a filin Yangoji, babu takardar da ta shaida haka, kuma ni ne editan.