Anti Rhoda, Telar 'Yan Wasa Mata a Kudenda

Ƙarfe bakwai na safe Anti Rhoda Shekari take buɗe shagonta a Kudenda, a jikin katangar wani kamfani da aka daɗe da rufewa. Kafin ta hau keke sai ta gaida mutanenta. Mutum-mutumi ne na tsumma da auduga, ba kai ba ƙafa, ƙirji zalla, rataye da igiya a katakon rufi. Sun haura arba'in. Kowanne da sunan mai shi, kuma babu wanda gefensa biyu suka zo daidai. Ko iska ba ta motsi, sai ka ga ɗaya yana juyowa a hankali har ya fuskance ka. Masu talla ba sa tsayawa a ƙofar. Ana cewa mayya ce, kurwar 'yan mata ta rataye.

Ni na koyar da wasanni shekara goma sha tara a Narayi, na san gaskiyar abin. Rigar nono take ɗinka wa 'yan wasa, wadda za ta riƙe jiki a gudu da tsalle, kowace a kan surar mai ita.

Na fara sanin darajarta a kan Chisom, 'yar shekara goma sha tara, wadda babu mai hannunta a ƙwallon hannu. Kwatsam ta daina zuwa fili. Na bi ta gida Sabon Tasha, uwarta ta ja ni gefe.

"Madam, an taɓa mini 'ya. Nonon dama ya fi na hagu. A gidan addu'a an ce wata cikin tim ɗinku ce ke tsotse ta. Ran Asabar za a yi mata tsaga."

Ashe Chisom ta yi wata uku tana ɗaure ƙirji da bandeji, har numfashi yana gagarar ta.

Da ƙyar na kai su Kudenda. Uwar ta toge a bakin ƙofa tana kallon sama.

"Shigo, 'yar'uwa, ba sa cizo," in ji Anti Rhoda. Ta ja labule ta yi wa Chisom awo. "Da wane hannu kike jifa, 'yata?"

"Da dama, Anti."

"To tsokar da ke ƙasa ce ta cika da aiki. Ko ba wasa ma, da wuya ki sami macen da nata suka zo ɗaya. 'Yar'uwa, karanta sunayen nan."

Uwar ta bi ƙarƙashinsu tana karantawa, har ta iske sunan 'yar shugabar mawaƙan cocinsu. Ta nemi kujera ta zauna. Duk da haka Anti Rhoda ba ta yanka yadi ba sai da nas ta duba Chisom ta ce lafiya lau. Ba a yi tsaga ba. Chisom ta koma fili, yau ita ce kyaftin.

Na taɓa tambayar ta dalilin wannan doka ta nas. Ta nuna mini wani mutum-mutumi a lungu, lulluɓe da farin ƙyalle. Na Vivian ne, mai tseren gudu daga Rido. Wajen awo Anti Rhoda ta ji wani abu mai tauri a nonon yarinyar kamar ƙwallon dabino, ta ɗauka bugun wasa ne, ta sa soso ta daidaita rigar. Ba a rufa shekara biyu ba aka binne Vivian.

"Wata safiyar nakan tarar ƙyallen a ƙasa," ta ce mini, ba ta ɗago daga ɗinki ba. "Sai in mayar, in ce mata na ji."

Tun daga nan ta raka mutum bakwai asibiti da ƙafarta. Biyu an yi musu aiki, suna nan da ransu.

Anti Rhoda, allura mai rufin asiri. Ke ce kika ji abin da 'ya ta kasa faɗa wa uwarta. Ke ce aka kira mayya, kika ci gaba da buɗe shago. Kin yi kuskure sau ɗaya, ba ki ɓoye shi ba.

Watan jiya ciwon ido ya sa ta ajiye aiki. Ran Talata na bi ta wurin, na ga wata budurwa cikin kayan wasa tsaye gaban shagon, an rufe shi da kwaɗo, ta rungume jakarta a ƙirji. Na kai ta gidan Anti Rhoda a Narayi. Ba ta ganin lambar tef, da taƙin hannu ta auna ta, ta faɗa mini na rubuta.

Mun gode, Anti. Allah Ya saka miki. Iyaye, masu horarwa, teloli, yanzu aikin ya dawo wuyanmu. Idan kun ga mai gudu ta fara tafiya a duƙe, kada ku jira ta yi magana, don ba za ta yi ba. Ku kira ta gefe, ku tambaye ta a hankali, ku raka ta a duba.