Allurar Da Na Guje Wa Kwana Tara

Jama'a, wata huɗu ban ce komi a nan ba. Yau na zagaya gonar albasata da ƙafata, daga bakin ruwa har ƙarshe, ban tsaya hutu ba.

Da tari abin ya fara, lokacin dashe. Littafin da nake rubuta al'amurana kullum ya nuna kwana goma sha ɗaya ina cewa mura ce. Da numfashi ya soma yankewa, Yaya Sani ya kai ni asibiti a Sakkwato daga garinmu Goronyo. Hoton ƙirji ya nuna ruwa a gefen huhu, sai an zuƙe da allura ta baya. Gwaji kaɗai ya cinye buhun albasa biyu.

Aka zaunar da ni, na rungume kujera. Likitan bai ce komi ba sai, "Daure, namiji ne kai." Ƙarfe na taɓa ni na zabura da ihu. Aka dakata. Na sa rigata na koma gida.

Kwana tara a zaune nake barci, don in na kwanta numfashi yankewa yake. Na ce wa kowa layi ne ya yi yawa. Sai matata Hajara ta ce, "Kai mai rubuta komi, mi kar rubuta ran da kag gudo?"

Shafin fari fat yake.

Na koma, na tarar da wata likita.

"Malam, mi ka ba ka tsoro?"

"Ban ganin bayana, Likita."

"To ni ce idonka. Yanzu sanyi za ka ji, magani nike shafawa. Yanzu tsini kamar ƙaya, allurar kashe zafi ce. Yanzu dannawa. Wai gaskiya ne albasar Wurno ta hi taku?"

Ni kuwa na hau musu. Ina tsakiyar bayanin yadda tamu ke jure ajiya ta ce, "Ja numfashi a hankali, ruwan na hita."

Da halina na shakka, na ce ko allurarta ce ƙarama. Ta nuna mini. Iri ɗaya ce da ta farko.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitar nan, da Yaya, da Hajara.

In tari ya wuce mako biyu, je asibiti. In za a yi maka allura, roƙi a riƙa faɗa maka abin da ke tafe. In tsoro kake ji, faɗi.

Jiya na cike shafin nan da na bari fari. Na rubuta: tsoro na ji.