Ƙwayar Gero a Tsakiyar Fili

Wata Talata cikin rani, shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare a Goronyo, Malam Nasiru mai koya mana kimiyya ya kora mu filin ƙwallo. Ya ajiye ƙwayar gero ɗaya a tsakiya, ya ce mu watsu har bayan raga. Daga can ya ɗaga murya ya ce kowane abu an gina shi da ƙwayoyin zarra, kuma in zarra ta kai faɗin filin nan, cibiyarta ba ta wuce geron nan ba. Kusan duk nauyin yana cikin cibiyar, inda wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton da niyutiron suke cunkushe. Sauran duk sarari ne.

Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Da yamma muna ban ruwan albasa a fadama, na gaya wa Baba cewa fartanyarsa ma kusan duk sarari ce.

"Mi kac ce?" in ji shi. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da dutse, ya dube ni. "In wanga na karatun, gobe ka bar shi. Ga aiki nan ya yi mini yawa."

Baba ba ya magana biyu. Kwana uku ina jan ruwa daga wannan fangalin albasa zuwa wancan, ina jin ƙararrawar makaranta daga nesa. Ran na huɗu sai ga Malam Nasiru a kan kekensa, wandonsa duk laka. Bayan gaisuwa Baba ya tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa ganin cibiyar nan da idonsa. Na ɗauka Malam zai kama kame-kame. Sai ya ce a'a, bai gani ba. Masana ne suka yi ta harba wasu ƙananan ƙwayoyi kan fallen zinariya. Kusan duka suka wuce salin alin, amma jefi-jefi ɗaya takan dawo baya. Da haka aka gane akwai ɗan abu mai nauyi a ciki.

Baba ne mai buga rijiyar bututu a fadamarmu, ya san yadda bututu ke nutsewa sumul cikin yashi, sai kwatsam ya tokare, hannu ya gaya maka akwai dutse ƙasa ba tare da ka gani ba. "Wanga ilimi na," ya ce. "Shi koma makaranta."

Na koma ina tsalle, ban ko waiwaya ba. Yau ni ke koyar da darasin, yara na kallon cibiyar da launi a waya, fadamar kuma ba a shigarta sai da fargabar 'yan bindiga. Sai da na girma na tsaya na yi tunani: duk sauran ranin nan, Baba shi kaɗai ya shayar da albasar, kuma bai taɓa ambata mini ba.