Barcin Talata a Laburare

A cikin ayyukan da aka ɗora mini a laburaren da nake gadi a Doha, wanda ya fi yi mini nauyi shi ne tayar da mai barci. Doka ce: nan wurin karatu ne, ba masauki ba. Idan ka ga mutum ya kifa kai a kan tebur, sai ka je ka tsaya kusa da shi, ka ɗan ƙwanƙwasa katakon da yatsa, ka yi murmushi. Ba a taɓa jikinsa. Ni da na tashi a makarantar allo, inda bulala ce ke tayar da mai gyangyaɗi, wannan ladabi ya burge ni, amma ban taɓa jin daɗin aikin ba. Masu barci a wurin ba ragwaye ba ne. Yawancinsu irinmu ne, waɗanda sanyin na'urar esi da shirun wurin ke kayarwa bayan doguwar gajiya.

Muna zaune a Sanaiya, unguwar masana'antu, a gidan ma'aikata, Hausawa da dama a bene ɗaya: masu gadi, direbobi, da wasu 'yan Zango daga Gana. A cikinmu akwai wani kuku da ke aiki a kicin ɗin wani otal a Lusail. Na girme shi nesa ba kusa ba. Yana ce mini Malam, ina ce masa ƙanena. Shi ke dafa mana abincin Juma'a. Duk wanda ya dawo daga hutu sai ya kawo masa kuka ko daddawa ko busasshiyar kuɓewa, shi kuma ya mayar da su miyar da za ta sa babban mutum ya yi shiru yana tuna gida. A faranti ɗaya muke ci, a ƙasa. Yana da taushin murya, yana lanƙwasa hannu in yana magana, don haka samarin suka sa masa Hajiya.

"Hajiya, a ƙara miya."

"Ka auro taka ta ƙara maka, mara kunya."

A yi dariya, a ci gaba da ci.

Haka muke har aka kawo wani sabon direba ɗan garin su kukun. Bai daɗe ba ya fara faɗa wa mutane cewa ya san kukun tun a gida, a wurin 'yan daudun bayan tasha ya tashi, kuma ba girki kaɗai ya koya a can ba. Juma'ar da ta biyo baya aka sauke tukunya, farantin ya kusa komawa yadda ya zo. Ni da wani dattijo ɗan Kumasi muka ci. Na yi wa sauran magana, na tuna musu cewa zato zunubi ne, kuma an umarce mu da suturta ɗan'uwa. Suka saurare ni saboda furfurata, suka tashi suka ci gaba da abin da suke yi. Sunan Hajiya bai canja ba, amma yanzu in an faɗe shi ba a dariya. 'Yan ɗakinsu suka tura gadonsa bakin ƙofa. Aka zuba wa katifarsa ruwa. Wani ya ce zai kai maganar ofishin kamfani. A ƙasar nan magana irin wannan ba ta tsayawa a ɗaki; tana iya raba mutum da aikinsa, tana iya kai shi hannun hukuma.

Talata ce ranar hutun kukun. Wata Talata da hantsi ina zagaye a sashen littattafan Larabci, sai na hango mutum ya kifa kai. Na je, na ƙwanƙwasa. Ya zabura ya kare fuskarsa da hannu kamar mai jiran mari. Shi ne.

"Malam, yi haƙuri. Yanzu zan tafi."

"Wa ya ce ka tafi? Cewa aka yi kada a yi barci."

"To ai shi ya kawo ni."

Idanunsa sun yi ja, fuskar ta zube. Da aka kira azahar muka yi salla tare a ɗan masallacin wurin, muka zauna a wani benci a waje inda inuwa take. Nan ya faɗa mini cewa tun da abin ya fara ba ya runtsawa a ɗaki, yana kwance ne kawai yana sauraren numfashin mutane. Ya riga ya yanke yatsa a kicin saboda gyangyaɗi. In ya sake, za su sallame shi, kuma mahaifiyarsa da ƙannensa da aikin nan suke ci.

Ban tambaye shi ko abin da ake faɗa gaskiya ne ba. Shi ya faɗa da kansa, yana kallon takalminsa.

"Ban taɓa jin son mace ba, Malam. Ba yau na fara sani ba. An kai ni wurin malamai, na sha rubutu har cikina ya ƙi tawada."

Ya san ina rubutun sha, sai na zaci wani zai roƙa.

"Ba shi na zo nema ba," ya ce. "Barci nake nema."

Na san abin da aka karantar da ni a kan wannan al'amari, ban ɓoye masa ba, shi ma bai nemi in ɓoye ba. Amma malamin da ya karantar da ni shi ne kuma ya ce mini hisabi ba a hannun bawa yake ba, kuma ba a tambayar mai ƙishirwa tarihinsa kafin a ba shi ruwa. Sai na koya masa dabarar da muke yi muna yara. Na kai shi wata kujera a lungu, bayan kantar tafsirai, inda mutane ba su cika zuwa ba. Na ce kada ya kifa kai. Ya zauna a miƙe, ya buɗe babban littafi a gabansa, ya riƙe carbi, ya sunkuya. Mai karatu yana rausaya, mai gyangyaɗi ma yana rausaya. Daga nesa sai Allah.

"Malam, ashe kai ma ka yi wannan?"

"Har na sauke ban daina ba."

Ranar na ga dariyarsa karo na farko tun zuwan direban.

Ya zama duk Talata yana nan. Na sa aka yi masa katin laburare, don wurin na kowa ne. In ya farka yakan ɗauko littattafan girki masu hotuna, ya zo ya raɗa mini cewa mutanen nan ba su san albasa ba. Wata rana a kan bencin ya nuna mini wayarsa. Wani abokinsa da suka taso tare ya samu ya tsallaka wata ƙasa mai sanyi, ya turo masa hotuna. A laburaren garin da yake akwai kanta guda ta littattafai a kan mutane irinsu, kuma ana yi musu zama lokaci-lokaci, a dafa shayi, kowa ya ba da labarin rayuwarsa, ba mai korar wani. A hoton na ga tsofaffi da matasa zaune a da'ira, wata dattijuwa tana saƙa.

"Malam, a nan akwai irin wannan kantar?"

"Babu."

"Ko a lungu?"

"Na san kowane lungu, ƙanena. Babu."

"Na san babu. So nake kawai in ji na tambaya." Ya mayar da wayar aljihu. "Ba ma littafin ne ya dame ni ba. Ka ga yadda suka zauna? Kowa ya saki kafaɗarsa."

Laburaren namu yakan shirya taron al'adu, a gayyaci baƙin ƙasashe su nuna abin da suka zo da shi daga gida. Wata ma'aikaciya 'yar Sudan, wadda ta taɓa ganina ina rubuta ajami a lokacin hutu, ta ce in zo in nuna yadda muke rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, in kuma da hali a kawo abincin gargajiya. Labari ya kai Sanaiya, 'yan'uwa suka yi murna, suka ce za su zo da manyan riguna. Da kukun ya ji, sai ya ce shi zai yi waina.

Na ce masa ya yi tunani. Mutanen benenmu za su zo, kuma har yanzu ba wanda ya san inda yake yini ranar Talata.

"Za a ce abincin Hausa, sannan a kawo shinkafar kanti? Ina raye?"

"Ka dafa, ni in ɗauko. Ba sai ka zo ba."

"Waina ba ta son tafiya, Malam. A bakin tanda ake cinta."

Ya samo wata tandar ƙarfe mai ƙananan ramuka a shagon Indiyawa, ya jiƙa shinkafa, ya yi ƙullu, ya yi miyar taushe da kabewar da ya zaɓo da kansa. Ranar taron aka ba shi wuri a farfajiya. Ni ina gefe da alƙalamin kara da tawada, ina rubuta wa yara sunayensu, amma rabin hankalina yana wurinsa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya sa farar riga, yana juya waina da tsinke, yana zolayar Larabawa da Turawa da ɗan Turancinsa, yana ce musu yalla, wato maza, a ci da zafi. Hannun nan da yake ɓoyewa a aljihu tun zuwan direban ya fito yana yawo a iska. Layi ya yi tsawo.

Sai mutanenmu suka iso. Suka gaishe ni, suka yaba rubutu, suka juya suka gan shi. Dattijon Kumasi ya shiga layi abinsa, ya karɓa, ya ce abinci ba shi da laifi. Wasu samari biyu suka bi bayansa, kansu a ƙasa. Sauran suka tsaya nesa. Ma'aikaciyar nan, cikin jin daɗi, ta zo tana faɗa musu cewa su yi alfahari da ɗan'uwansu, ai ɗan gida ne a laburaren, duk Talata yana can bayan tafsirai yana karatu.

Direban ya dube ni, ya dubi kukun.

"Tafsiri, Hajiya? Masha Allah."

Kukun ya ci gaba da juya waina har ƙullun ya ƙare, amma hannun ya koma jikinsa.

Talatar da ta biyo baya, direban ya sauke fasinja a kusa, ya shigo da wani abokinsa. Suka zauna a teburin da ke fuskantar lungun. Ba su yi magana ba, ba su karya doka ba, don haka ba ni da abin da zan ce musu. Wurin na kowa ne. Suka yi ta kallonsa. Ya riƙe carbi, idonsa biyu, har suka gaji suka tafi. Wata Talatar ba su zo ba, amma bai yi barci ba, duk wanda ya gifta sai ya ɗaga kai. Bayan haka ya sake yankewa a kicin, wannan karon sai da aka ɗinke. Bai jira a sallame shi ba, ya ce wa kamfani khalas, shi ke nan, a mayar da shi gida.

"Can ɗin za ka yi barci?" na tambaye shi.

"A'a. Amma can na san lungunan."

Ranar Talatarsa ta ƙarshe ya zo da jakarsa, don da yamma motar kamfani za ta kai shi filin jirgi. Bai ɗauko tafsiri ba, bai fito da carbi ba. Ya zauna, ya ɗora hannun mai bandeji a kan tebur, ya kifa kai a kan ɗayan, kamar yadda na fara samunsa. Na zo zagaye na tsaya a kansa. Numfashinsa ya yi nisa, bakinsa a ɗan buɗe kamar na yaro. Ma'aikaciyar 'yar Sudan ta biyo da keken littattafai. Tun bayan taron ta lura cewa wani abu ya lalace, ko da yake ba ta tambaya ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta juya kekenta a hankali don kada ƙafafunsa su yi ƙara. Na ci gaba da tsayuwa a wurin, na ba hanya baya, har kiran la'asar ya tashe shi.

Ya bar mini tandar. Tana ƙarƙashin gadona. Ban iya waina ba, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ranar Juma'a yanzu kowa da ledar abincinsa daga kanti. Mun yi waya da shi bayan ya isa, ya ce mahaifiyarsa tana gaishe ni. Daga baya lambar ta daina shiga, ban kuma sami wanda zan tambaya ba tare da na tayar da maganar ba.

Har yanzu ina ƙwanƙwasa tebur, aikina ne. In na iso lungun tafsirai nakan rage tafiya. Ina sa shi a addu'a bayan kowace salla, kuma da yake ban san abin da ya fi dacewa in roƙa masa ba, sai in bar wa Mai sanin zukata sauran, in roƙi abu ɗaya da shi ya nema da bakinsa: Allah Ya ba shi wurin da zai kwanta ya rufe ido.