Abin da Ya Yi Ƙara a Akwatin Firmin

Mai karatu, ga kacici-kacici, ka riƙe shi har mu kai ƙarshe. Tsoho ne ya rame har ya koma kamar kara, amma da aka ɗaga akwatin gawarsa sai da ƙarti suka yi nishi. Da aka zo gangaren maƙabarta akwatin ya karkata, wani abu ya mirgina a ciki ya yi ƙarar ƙarfe, kowa ya ji. Mene ne?

Firmin Rouanet, ƙanen mijina, ya rasu ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, da hantsi, a gidansa da ke bayan coci a nan Castelbren. Matarsa Léonie ta kawo masa miya, ta tarar ya riga ya tafi, hularsa a kan gwiwa. Da ta zo ta gaya mini, na ce to, na koma na ci gaba da feren dankali. Na fere shi duka, har da na gobe. Ina ta jiran kuka, har yau bai zo ba. Ina ci, ina sha, ina share ƙofar gida, kamar wata ce take yi ina kallonta.

Firmin, ni na laƙaba maka Sarkin Musu, kuma ka ci sunan. Tun kafin a haife mu ake cewa Fada Cyprien, limamin cocin garinmu na wancan zamani, ya tono tukunyar zinariya a ƙarƙashin coci, wai da ita ya gyara rufi ya gina hasumiyar ƙararrawa, ya binne sauran. Wani ɗan jarida ya zo ya ƙara wa zancen gishiri, shi ke nan baƙi suka yi mana caa da shebur da diga. Kai kaɗai ka tsaya a kan cewa babu.

"Kakarmu ce take masa wanki," kakan ce. "Wandonsa faci a kan faci. Roƙo ya iya, ba tono ba. Ko dutse ya roƙa sai ya ba shi kuɗin kwanon rufi."

Ni kuwa sai in ce, "Haba ƙanen miji, ka ɗebo mini ko ɗan kunne ɗaya ne daga tukunyar, in mutu da ado."

"Matar yaya, kunnen da ba ya jin magana me zai yi da zinariya?"

Musunka bai taɓa hana ka alheri ba. Ranar da rami ya rufta da wani baƙo daga Belgium a bayan gonar inabinka, kai ka kawo igiya da tarakta ka jawo shi. Ka kai shi gida, Léonie ta ba shi miyar wake da tsiran alade, ka zaunar da shi ka yi masa bayani tiryan-tiryan cewa babu komai a ƙasar nan sai duwatsu. Ya yi godiya har da hawaye. Da shekara ta zagayo ya dawo da shebur mafi girma. Ramukan da suke bari kuwa ba ka zagi kowa a kansu ba. Kakan zuba taki ka dasa ɓaure, ka ce tunda an yi maka haƙa kyauta ba za ta tafi a banza ba. Rabin ɓauren da jikokina suke sata, na ramukan nan ne.

Da la'asar kuna dandali, kai da yayanka Honoré, mijina, da abokanku, kuna wasan jifa da ƙwallayen ƙarfe, kuna gardama a kan tazarar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Honoré ya tafi, saura suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga baya kai kaɗai kake zama a bencin dandalin.

Abin da ba ka taɓa ganewa ba shi ne, yawan cewa babu shi ya sa aka ce kai ka san inda zinariyar take. Wai wanda ya ɓoye shi ne mai rantsuwa. To ga shi akwatinka ya yi magana a gaban jama'a. Fadanmu na yanzu ya tsaya cak a tsakiyar addu'a. Matar mai sayar da burodi ta taɓa mijinta ta ce, "Ka ji abin da na ji?" Ni da Léonie muka zuba wa ƙasa ido. Kafin a gama shan kofi zance ya kai garuruwan ƙasan dutse.

Shekaranjiya an ga mutum biyu a jikin katangar maƙabarta da na'urar nan mai kuka idan ta ji ƙarfe. Kowa ya san abin da aka yi wa kabarin Fada Cyprien, an tone shi har sai da aka malala masa siminti. Magajin gari ya ce naka ma haka za a yi. Léonie ta ce masa, "A gefensa zan kwanta. In kun zuba siminti, ta ina zan shiga?" Ta faɗa ba hawaye, ta koma gida ta zauna a kujerarka.

Saboda haka zan karya alkawari. Ka kira ni ana saura 'yan kwanaki ka rasu, ka gaya mini abin da kake so, ka ce, "Matar yaya, kada kowa ya ji. Za a ce Sarkin Musu ma ya yarda ana wasa a lahira." Na yi maka dariya a ranar. Ka yafe mini, gara a yi maka dariya da a tone ka. Na san wasu ba za su yarda ba, tunda kai ma ba su yarda da kai ba. Amma ni ba na cewa babu komai. Akwai, kuma da hannuna na saka.

Allah ya jiƙanka, Firmin, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu a cikin haskensa, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya hana shebur kusantarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Léonie, da 'yarku Solange da ɗanku Gaspard, da jikoki duka. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ni kukan da nake jira.

Amsar kuwa ita ce ƙwallayen ƙarfe na wasan dandali. Nasa, da na Honoré, da na sauran abokansu, waɗanda matansu suka ba shi bayan kowace jana'iza. Na naɗe su a tsohon buhun dankali, bakin buhun ne ya kwance.