Gangar da Ke Cikin Buhun Iya

Gidanmu na Durba, a ƙasar Kibiya, gidan makaɗa ake ce masa, amma tun da na yi wayo ban taɓa jin an buga ko da gwangwani a cikinsa ba. Babana noma yake yi, da rani ya kai gyaɗa kasuwar Rano. Ni dai na ɗauka suna ne kawai ya bi gidan.

Kakata ta wajen uba, Iya, ita ce mai tatsuniyar unguwarmu. In an gama kaka sanyi ya shigo, ana idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu cika ɗakinta, kowa da ƙwaryar gyaɗar da zai ɓare, don Iya ba ta ba mai zaman banza labari. Wutar kara ake hurawa a kasko a tsakiyar ɗakin, kuma doka ce ba a cika ta. In ka ƙara kara biyu sai ta zare ɗaya, ta ce wato so kake ka gasa ta tun da ranta. Mu yi ta dariya, muna ce mata tsohuwa mai rowar wuta. Sama da gadonta akwai wani abu rataye a bango, naɗe cikin tsohon buhu, hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin. Ba a taɓa shi, ba a tambayar ko mene ne.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. In tana kwaikwayon muryar kura har sai wani ya ƙware da gyaɗa. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma tun daga zamanta muke ganewa. Sai ta ajiye goronta, ta juya wa gadon baya, ta ce, "Ga wata nan ta zo muku. Wanda ya san zai jiƙa wa uwarsa tabarma ya tashi tun yanzu." Ba mai tashi. Sai dai mu ƙara matsowa jikin juna.

Wai an yi wani yaro makaɗin gangar noma. Na taɓa katse ta na ce, Iya, yaya sunansa? Ta ce, "Ba shi da suna. Ɓare gyaɗarki, mai bakin tsiya."

Tun gemu bai fito masa ba, in ya iso wajen gayya sai tsofaffin makaɗa, daga Lausu har Rurum, su soke gularsu ta kiɗa a hammata su tsaya sauraro. Kowane manomi ya yi masa takensa daban, ko rago ne ya ji nasa sai ya manta da ciwon baya. Wani tsohon makaɗi ya ce in yaron nan ya kai shekara arba'in, su ba mai ƙara tuna sunansu. Shi kuwa yaron cewa yake duk wannan wasa ne. Akwai wata babbar waƙa da yake ɗinkawa damina uku, yana rera ta ƙasa-ƙasa a bayan rumbu, bai bari kowa ya ji ba. Ya ce sai ta nuna tukuna.

Ana nan aka kira gayyar huɗa a wata babbar gona wajen Lausu. To, ku yaran yanzu ba ku san dokar abin ba. In makaɗi ya ɗauki taken mutum, mutumin ya sunkuya da garma, to ba a tsai da kiɗan nan sai ya kai ƙarshen gona. In aka yanke masa a tsakiya an tozarta shi ke nan, har 'ya'yansa sai an yi wa gori. Yaron ya ɗauki taken ɗan mai gonar, yana bin sa a baya cikin ciyawa, ƙafa ba takalmi. Sun kai tsakiya sai aka ji gangar ta yi tuntuɓe, bugu ɗaya tak, ta kuma miƙe. Wata mata mai kawo fura ita ta ga kububuwar da ta sare shi tana sulalewa. Aka ce masa ya tsaya a ɗaure ƙafar. Ya girgiza kai, ya nuna mai garmar da haɓa. Haka ya bi shi taku-taku har bakin gona, yana kiɗa, dafin yana hawa. Da mutumin ya ɗago, yaron ya buga na ƙarshe ya zauna a ƙasa. Da ya buɗe baki, haƙoransa duk jini.

A nan Iya take sunkuyawa ta gyara karan da ke ci a kasko.

Aka ɗauko shi zuwa gida. Bai nemi mai magani ba, uwarsa ya nema. Ya ce ta matso ta riƙe masa waƙar nan kada ta tafi tare da shi. Sai Iya ta sa ido a wuta, ta rera da wata siririyar murya da ba mu san ta da ita ba:

Gero ya tsaya yana jiran maza,
Hadari ya taso, gona da saura,
Wanda ya waiwaya ba namu ba ne,
Wanda ya kai ƙarshe…

"Nan ya tsaya," in ji ta. Wai tun daga ranar waƙar take yawo gari-gari tana neman bakin da zai ƙarasa ta. Duk wanda ya ƙarasa, yaron zai zo ya saurara, in ya zo kuwa ba ya komawa shi kaɗai. Wannan tatsuniyar ba ta rufe ta kamar sauran. Cewa take, "Ita wannan ba ta da wutsiya. Ku tashi." Mu kwasa da gudu mu tsallake tsakar gida, kowa na tsoron ya zama na baya.

Ni kuwa, ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya. Ina da shekara goma sha biyu ni ke ba da waƙa a dandali, 'yan matan da suka girme ni suna amshi. In na ji waƙa sau ɗaya ta zauna, in na ga ta gurgunce in yi mata ƙafa. Har daga wasu unguwanni ake zuwa jin gaɗata, ana cewa gaɗar Dije. To kun ga mai irin wannan kai, a ba ta waƙa guntuwa a ce kada ta taɓa. Tana damuna kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ina tsoronta, ina kuma juya ta a zuci.

Wata rana da la'asar ina niƙa ni kaɗai a bayan ɗakin Iya, dutse na tafiya, sai na ji bakina ya ɗauko ta. Na zo inda yaron ya tsaya, ban tsaya ba. Baiti biyu suka fito da kansu, suka zauna daram kamar dama can wurinsu ne. Sai da na rufe baki na gane abin da na yi. Na waiga, na ga Iya tsaye a bakin danga da tsintsiya a hannu. Ta juya ta tafi.

Da aka taru a ɗakinta ran nan jikina rawa yake, na ce sanyi ne. Na faki idonta na tura kara cike da hannu a kasko. Ita kuma hankalinta ba ya wurin, ba ta zare ba. Wuta ta tashi har ta haska bango. Ta fara wata tatsuniyar kura, ba ta yi nisa ba sai muka ji daga cikin buhun nan: ɗam. Kowa ya daskare. Can kuma: ɗam.

Ban san tsohuwa na da sauri haka ba. Kafin in yi motsi tafin hannunta na kan bakina, yana warin goro da hayaƙi. Ta sa bakinta a kunnena ta ce, "Ya ji ki. Ki ce ba za ki ƙara ba." Na ɗaga kai, don ba halin magana. Ta ce ba wannan kaɗai ba, kowace iri. Na sake ɗaga kai.

Kwana huɗu na yi ina zazzaɓi. Ko kaza ce ta taka busasshen ganye sai in ce shi ne ya iso, da ganga a kafaɗa da jini a haƙora. Da na warke ƙawayena suka zo har gida suna roƙo, na ce maƙogwarona ke ciwo. Suka gaji suka sami wata. Ina jin ta daga gida tana kashe musu waƙa, in cusa kai cikin zane.

Sai da Iya ta rasu, lokacin ina aure a Rano da 'ya'ya uku, aka sauke buhun. Babana ne ya kwance shi a gabana. Ganga ce, da gularta ɗaure a jiki. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce, "Ta yayana ce, Garba. Ɗan farin Iya." Ran nan na fara jin sunan. Kun san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi a gaban mutane, ko mutuwa ya yi ba ta kuka a gani. Baba ya ce ranar da aka binne shi Iya daka ta yi ta yi wa masu gaisuwa, ido a bushe. Kakanmu kuma ya hana kiɗa a gidan daga ranar. Ashe tsawon shekarun nan ba ta da inda za ta ajiye ɗanta sai cikin tatsuniya, nan ma ba suna.

Na tambayi Baba ƙarar da muka ji. Ya ce fata ce, in ta ji zafin wuta sai ta ja, ai makaɗa da gangan suke gasa ganga kafin wasa. Na ce to Iya ta san haka? Ya ce matar makaɗi kuma uwar makaɗi, ya za a yi ba ta sani ba, me kike zaton ya sa take rowar wuta?

Na yi shekaru ina jin haushinta a kabari, Allah ya yafe mini. Ta san fata ce, ta ce mini ya ji ni. Shi maciji ya yanke masa tasa, ni kuwa da hannu aka toshe tawa, ina raye, da lafiyata. Wani lokaci in ce tsoro ne ya rufe ta har ta manta abin da ta sani. Wani lokaci in ce a'a, ba za ta iya jin waƙar ɗanta ta cika a bakin wani ba ne.

Bara jikana Sagir ya zo daga Kano. Waƙa yake yi, irin tasu ta waya, kuma ba laifi, muryar gidanmu ce. Ya ji labarin gangar wajen uwarsa, ya zauna ya dame ni da zolaya, wai matarsa tsohuwa tana yi masa rowar gado. Na ce kai tafi can, miji ba ko goro. Da ya matsa, na ce a raina ai mamaci ba ya dawowa, na yi salla shekara sittin na san wannan. Na rera masa baiti huɗun, rana tsaka, a ƙofar ɗakina. Muryar ta fito duk tsatsa, amma ta fito.

Ya lumshe ido ya maimaita. Ya zo kan "wanda ya kai ƙarshe", na ga ya ja numfashi zai wuce.

Ban san lokacin da na tashi ba. Sai ganin tafin hannuna na yi a kan bakinsa. Ya zaro ido yana dubana. Da na sake shi ya yi dariya ya ce, Hajiya, lafiya? Na ce lafiya lau, ka bar ta haka.

Gangar tana ɗakina yanzu, ɓera ya cinye fatar tuni, ko a cikin wuta aka sa ta ba za ta yi ƙara ba. Baiti biyun nan nawa kuwa suna nan, ban manta ko kalma ɗaya ba, kuma sun fi duk abin da na taɓa ji a rediyo. Sagir ya kira ni sau uku yana roƙo in faɗa masa. Kullum sai in ce sai ya zo. In ya zo kuma in dubi ƙuruciyarsa, in ce ya ci tuwo tukuna.