Baba Sale ya ba da gefen gonarsa

Jama'a, yau Baba Sale mai gonar gyaɗa ya ba mu mamaki.

Mai unguwa ya tara mu da hantsi don jin ra'ayin kowa kan faɗaɗa filin wasanmu. Matasa na son wurin ƙwallo, mata na son lilon yara. Fili kuwa babu sai gonar Baba Sale, mutumin da ke fasa ƙwallo in ta faɗa masa shuka!

Sai ga shi ya miƙe. Ya ce, "Ku ɗiba har gindin tsamiya. Amma ku sa min benci a inuwa. Tun rasuwar mai ɗakina shirun gida ya ishe ni."

Mai unguwa ya ce, "Allah ya jiƙanta, Baba." Muka ce amin.

Shi da kansa ya riƙe mana igiyar awo.